An Kwance Gadar Baba

Litinin, 6 ga Yuni, 1988
"Yaya Uwani, ko ƙusa ɗaya ba za a zare ba sai gadar kankare ta tsaya." Haka Tukur ya ce mini kwanakin baya a tsakar gidan nan, a gaban Inna. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, wai shi ɗan kwangila. Yau na dawo daga makaranta, babu gada. Gadar katakon da marigayi Baba ya kafa da hannunsa, wadda ake bi da gawa daga Badarawa zuwa maƙabarta. Sai ramuka huɗu da rodi a tsaye. A cikin damina.

Alhamis, 9 ga Yuni
Katakon na wurin Bawa mai tsire. Na ga tambarin da Baba ke buga wa katakonsa a bakin wuta. Na tsaya ina kallo. Bawa ya ce, "Malama, a sa yaji?"

Asabar, 11 ga Yuni
Ladan Audi ya rasu. Aka shiga rafin da makara a ka, ruwa har ƙirji. Na gaba ya zame. An ce sai da aka sake likkafani. Ban iya cin komai ba.

Lahadi, 12 ga Yuni
Inna ta ji. Wata uku tana kwance, amma kunnenta ras. "Uwani, kusa da babanku za ku sa ni. Kada a jiƙa ni." Na gaya wa Tukur. Wai siminti sai ya kwana ashirin da takwas kafin ya ɗauki nauyi, "ke da kike karance-karance, Yaya." Simintin da ba a ma zuba ba. Na ce duk karatuna ban ga inda ajali ya jira siminti ya bushe ba.

Talata, 14 ga Yuni
Na karɓo katako ɗaya wurin Bawa don in ajiye. Ina ɗagawa ya ruguje a hannuna. Gara ta cinye cikinsa, sai ɓawo. A kan wannan nake tsallakar da 'yan ajina? Na share garin katakon, ban faɗa wa kowa ba.

Na aika wa Tukur. Ta kankaren ya ci gaba da abarsa, ban ce a tsaya ba. Amma ya shimfiɗa ta wucin gadi kafin sallar Juma'a. In an sauko daga masallaci babu, zan kira kafintocin da Baba ya koyar, mu kwance katakon rufin zauren da yake saukar baƙinsa, mu kai rafi. Baƙinsa su jiƙe. Inna dai a bushe za ta tsallaka.