Ƙusa a Takalmin Baba

Laraba, 5 ga Maris

Littafin nan a asibiti aka ba ni. Shafukan gaba na rubuta awon sugan Baba ne, na baya babu komai, shi ne na ce bari in riƙa zuba nawa a ciki. Rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma ni kaɗai zan karanta.

Wata biyu ke nan da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, wai nau'i na biyu. Suka ce akwai aji duk Laraba da safe, ana koya wa masu ciwon yadda za su zauna da shi. Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna a benci wata yarinya tana nuna masa allo ba. Umma ba ta iya doguwar tafiya saboda gwiwa. Yaya yana can nesa wurin aikinsa na ofis, ta waya yake ba da umarni. Saura ni. Na rufe rumfar gyaran takalmina na tafi.

Mu goma sha huɗu ne, duk sun haife ni. Sista mai koyarwa ta tambaye ni yaushe aka gano nawa, na ce ni wakili ne. Wani tsohon direba da ke gefena ya ce, "To Auta, in an zo allura ma kai za ka karɓar masa?" Aka yi ta dariya. Sunan ya bi ni.

Abin da na riƙe: sugan yana taruwa a jini, jiki ya kasa amfani da shi yadda ya kamata, sai ya zauna yana ɓarna a hankali. Ana iya riƙe shi. Ba a daina magani don an ji sauƙi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na fara yi wa Baba bayani, ya ƙara ƙarar rediyo.

Laraba, 12 ga Maris

Yau faranti. Sista ta zana shi a allo ta raba: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko nama, kwata shinkafa ko makamancinta. Direba ya ce wannan ai farantin akuya ne. Ta ce, "Baba Direba, akuyar tana da suga?"

Kowa yana rubutu da sauri, ni ina layi na biyu an goge allo. Sai na daina bin kalmomin, na zana farantin. Da na nuna wa Umma zanen nan take ta gane. Ba ta ce wa Baba komai ba, faranti kawai ta canza masa da ƙarami. Ya dube shi, ya dube ta, ya ci.

Laraba, 19 ga Maris

Yau aka zo gidanmu: ƙafa.

Sista ta ce suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka kwalba bai sani ba. Ciwo ƙarami ya zama gyambo, gyambo ya ci har a rasa ƙafar. Ta fito da wani siririn zare mai tauri, kamar lailon da nake ɗinki da shi, ta ce kowa ya cire takalmi ya rufe ido. Tana taɓa tafin ƙafa da shi, in ka ji ka ce "na ji". Mutum uku ba su ji ba.

Ni takalman da aka jera nake kallo. Tun kafin ta gama na san biyu daga cikin ukun. Duk wanda ba ya jin ƙafarsa buga ta yake a ƙasa, yadda takalminsa ke cinyewa daban ne. Ban faɗa ba. Wa ya tambaye ni.

Ta ce a duba ƙafa kullum, har tsakanin yatsu. A sa hannu cikin takalmi kafin a sa ƙafa. Kada a yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida.

Asabar, 22 ga Maris

Bari in rubuta a hankali.

Baba ya dawo daga gadi da rana ya ajiye mini takalmin aikinsa na dama, wai ƙasan yana ɗagawa, in sa gam. Shekara goma sha ɗaya yana tsaron ƙofar wani sito, a tsaye yake wuni. Na zura hannu ciki kamar yadda na saba. Abu ya soke ni a yatsa har jini.

Ƙusa ce. Ta shigo ta ƙasa ta huda shimfiɗar ciki, daidai inda tudun babban yatsa ke sauka. Kanta na waje ya cinye ya yi santsi, ke nan ba ta yau ba ce, ta yi mako ko fiye. Kewaye da tsininta shimfiɗar ta yi baƙi ta ƙandare. Na sansana. Ba gumi ba ne.

Ni ta taɓa ni sau ɗaya na yi ƙara. Shi yana kanta tun safe har rana.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kai masa ƙusar a tafin hannuna.

"Baba, wannan a takalminka na cire."

"Ba ta taɓa ni ba. Da ta taɓa ni ai da na ji."

Na ce abin da Sista ta faɗa ke nan, ba a ji. Na ce ya bari in ga ƙafar. Tunda ciwon nan ya fara ba ya rabuwa da safa, wai ƙafarsa sanyi take ji.

"Ƙafata ce ko taka? Aji uku ka yi ka zama likita?"

Umma ta sa baki, ya ce ita ma ta shiga makarantar ne. Daga baya a kicin ta gaya mini abin da ke cinsa. Abokin aikinsa na da, ƙafa ya kai asibiti ya dawo da sanda, aka sallame shi daga aiki. Baba ya ce mata asibiti ba sa ganin ƙafa su bar ta.

Ashe tsoro ne. Ban taɓa kawo wa Baba tsoro ba.

Litinin, 24 ga Maris

Ya tafi aiki da tsohon takalminsa. Na bi bayansa da ido har kwana. Yaya ya ce a ɗauke shi da ƙarfi a kai asibiti. Daga can komai sauƙi ne.

Talata, 25 ga Maris

Da sassafe, kafin ya fita, na same shi a kujerarsa yana shan shayi. Na zo da farin kwali da biro. Na ce takalmin aikin nan ya gama yi, sabo zan ɗinka masa da hannuna, awo nake so. Ba ƙarya na yi ba, fatar ma na tanada tun jiya.

Ya ce, "Yau ka tuna ubanka yana da ƙafa." Ya miƙo ta da safa.

Na ce da safa awo ba ya fita daidai, duk mai sana'a ya sani. Ya yi tsaki ya cire. Safar ta ɗan manne, sai da ya ja. Bai ko lura ba.

Na durƙusa na ɗora ƙafar a kwali, na ce ya miƙe tsaye ya sakar mata nauyi. Na zagaya da biro a hankali, dunduniya, gefe, yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ban leƙa ƙasa ba. Na ce, "To ɗaga."

Ya ɗaga. A cikin zanen ƙafarsa, ƙarƙashin babban yatsa, ga tabo jiƙe, ja da ruwan ɗorawa, faɗinsa kamar murfin kwalba.

Mu biyu muna kallon kwalin. Shayinsa ya huce.

"Daga ni wannan ya fito?"

"Daga kai, Baba."

Ya danna wurin da yatsansa, ya ƙara dannawa. Na ga fuskarsa lokacin da bai ji komai ba. Ba zan rubuta yadda take ba.

Sannan ya ce, "Ajin naku gobe ne?"

Na ce ƙafar ba za ta jira gobe ba, yanzu za mu tafi. Ban san inda na samo bakin ba. Ya ɗauki hularsa.

Laraba, 26 ga Maris

Jiya ban iya ƙarasawa ba, gajiya.

Sista na ganina da shi ta bar abin da take yi. "Auta, wannan ne mai wakilin?" Ta gaida Baba da ladabi. Ta gwada zaren nan a wuri goma, biyu ya ji. Likita ya wanke ciwon, ya auna zurfinsa, ya ce bai kai ƙashi ba. Baba ya tambaya kai tsaye, "Za ku yanke?" Likita ya ce, "Ba yanka muka zo yi ba. Amma da ka ƙara mako biyu a kanta, da wata maganar muke." Ya rubuta magani, wanki duk bayan kwana biyu, da takardar hutu a kai wurin aiki. Kada ya taka wurin.

Sista ta ce wa ya gano. Baba ya nuna ni da haɓa. "Wannan. Da kwali."

Ta sa na ba ta labarin tun daga ƙusar. Ta riƙe kwalin ta daɗe tana dubawa.

Asabar, 29 ga Maris

Kwana biyu ina kan takalmin. Faɗin gaba, fata mai laushi, ɗinkin duk ta waje don kada wani abu ya goge masa ƙafa. Ba ƙusa ko ɗaya, zare da gam kawai. Shimfiɗar soso biyu na haɗa, na yanke rami daidai wurin ciwon don nauyi ya sauka a kewaye. Na kai wa Sista ta gani kafin ya sa, don kada in yi gyara in ɓata. Ta kira likita. Ya juya shi, ya zura hannu, ya ce in ƙara faɗin ramin kaɗan in kwantar da bakinsa. Ya ce a ina na koya. Na ce a rumfa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Baba a benci! Layin baya, hannu a harɗe, amma a benci.

Direba ya ce, "Yau mai kaya ya zo da kansa, Auta ka huta." Baba ya ce, "Kai ne mai farantin akuya?" Ashe duk abin da nake faɗa a gida yana ji, rediyon banza ne. Kafin a tashi sun zama abokai.

Sai Sista ta ce in fito gaba in nuna yadda ake duba takalmi. Na ce ni aji huɗu na tsaya a makaranta. Ta ce ba jarrabawa ta ce in rubuta ba.

Na fito gaba, ido duk a kaina. Amma da na ɗauki takalmin farko sai na manta da mutane. Na nuna musu a fara juya shi a bubbuga, sannan a sa hannu har ƙarshe, a bi da yatsa ta sama da ta gefe. Na nuna yadda ake kallon ƙasan, inda ya fi cinyewa nan ƙafa ta fi shan wahala. Na ce a sayi takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ba da safe ba. A takalmin wata gwaggo mai ɗinki na zaro tsinken allura. Ta yi salati. A na Direba tsakuwa biyu. Ya ce ajiya ya yi.

Ban kalli layin baya ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Awon sugan safe ya sauko kwana biyar a jere. Shi yake karanto lambar, ni nake rubutawa. Ciwon ya ragu, bakinsa ya yi ja mai kyau. Zaman gida yana cinsa, jiya da Umma suka yi a kan gishiri.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yaya ya kira yana karanto wa Baba abin da ya gani a waya game da ƙafar masu suga. Baba ya saurara kaɗan ya ce, "Mun wuce nan. Ƙaninka na nan." Ina gefe ina goge fata. Na goge wuri ɗaya har ya yi ƙyalli.

Laraba, 7 ga Mayu

Ciwon ya rufe. Likita ya danna, ya duba, ya ce sabuwar fata ce, a lallaɓa ta. Zai iya komawa aiki Litinin, da sharaɗin kujera a bakin ƙofa, kuma mai siton ya yarda. Jijiyoyin ba za su dawo ba, dubawa kullum har ƙarshen rai. Baba ya ce ya ji.

Sista ta tsayar da ni a baranda. Sabon aji zai fara, tana so in riƙa zuwa ranar ƙafa in yi abin da na yi. Na ce rumfa ba mai tsaro, zan duba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya koma aiki. Na raka shi har bakin titi, wai iska nake sha. Tafiyarsa daidai, ba ya jan ta dama. Ƙafa biyu, takalmina biyu.

Da zai tsallaka ya juyo. "Yarinyar nan mai koyarwa ta ce kana ja mata rai. Ka je. Kuma ka riƙa ɗaga murya, mu na baya ba ma jinka sosai."

Ban ce zan je ba. Rumfa dai ba mai tsaro. Da rana ba kowa, na jera takalma shida a kan benci, na tsaya a gabansu na fara bayani tun daga farko. Maƙwabcina mai walda ya leƙo ya ce lafiya. Na ce lafiya lau, na ɗan ƙara murya.