Babana Ya Buɗe Wa 'Ya'yan Mutane Makaranta, Ni Ya Ce In Zauna A Gida

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara tun kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Na rasa wanda zan faɗa wa, domin duk wanda na tunkara, ko dai yana jin nauyin babana, ko kuma yana neman abin da zai yi masa dariya da shi.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin ƙananan halittu. Ni ce auta a gidanmu. Babana malami ne a jami'ar, kuma shi aka ɗora wa shugabancin kwamitin da ya tsara yadda za a koma karatu bayan dogon zaman da annobar nan ta sa muka yi. Ɗalibai suna ce masa Baba Ƙa'ida, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Mutum ne da ko layin shan mai ba ya yarda a tsallake da shi.

Tsarin nan a kan teburin cin abincinmu aka haife shi. Wata da watanni muna cin abinci a ƙasa saboda taswirorin azuzuwa sun cinye teburin. Ni na buga masa shi a kwamfuta, don shi da yatsa ɗaya yake bugu, kamar kaza tana tsince tsaba. Saboda haka na san abin da ke ciki kamar yunwar cikina. 'Yan ajin ƙarshe ne za su fara komawa, sauran su biyo baya rukuni-rukuni. Za a riƙa auna zafin jiki a bakin ƙofa. Babu shiga aji sai da takunkumi. An ajiye ruwa da sabulu a ƙofar kowane gini. A aji, in an zauna a kujera ɗaya sai a bar ta kusa da ita. Manyan darussa za su ci gaba ta intanet, aikin ɗakin gwaji ne kawai za a yi ido da ido, shi ma 'yan kaɗan-kaɗan. An rage yawan masu kwana a kowane ɗaki, an kuma ware wasu ɗakuna a asibitin makaranta don killace wanda ya kamu. Ranar da ya yi bayani a rediyo, ya ce wa iyaye su kwantar da hankalinsu, sai na ji kaina ya yi girma. Har na kira ƙawata na ce ta kunna ta ji babana.

To, ina da asma tun ina ƙarama. Yanzu ta yi sauƙi sosai, maganin da nake shaƙa yana cikin jaka amma sai in daɗe ban taɓa shi ba. Ta ɗan tayar mini kwanakin baya da aka yi fenti a falo, har aka kai ni asibiti aka sa mini iska, amma wannan laifin fenti ne, kuma a ranar aka sallame mu. A cikin tsarin akwai wurin da aka yi maganar masu irin lalurata. An ce ɗalibin da ke da wata cuta a jika yana iya zaɓar ya ɗage aikin gwajinsa zuwa gaba, bayan ya yi shawara da likitansa. Yana iya zaɓa, Anti. Ɗalibin ne zai zaɓa. Da hannuna na buga wannan jimlar.

Aikin da zan kammala digiri da shi a kan ruwan rijiyoyin unguwarmu ne, ni da ƙawata da muke kira Doguwa. Ba abu ne da ake yi ta waya ba, dole sai mutum ya tsaya a gaban madubin ƙara girman abu da kansa. Na wanke farar rigata ta ɗakin gwaji na goge, na ɗinka takunkumi kala-kala, har na fara haɗa akwati. Kwatsam sai malamar da ke duba aikinmu ta kira ni, tana yi mini sannu, tana cewa in kula da kaina, lafiya ita ce gaba da komai, kuma kada in damu, ta haɗa Doguwa da wata. Na ce sannu da me? Sai ta ce ai Baba ne ya kira ta ya ce ba zan dawo bana ba. Ta ɗauka da sanina.

Anti, da Baba ya dawo daga aiki na tare shi yana cin abinci, kuma na san ban kyauta ba, don ko ruwa bai gama sha ba. Na tambaye shi ko tsarin nasa na gaskiya ne. Ya ce na gaskiya ne. Na ce to me ya sa ya dace da 'ya'yan mutane amma bai dace da 'yarsa ba? Ya ajiye cokali ya ce tsarin yana rage haɗari ne, bai ce yana kawar da shi ba, kuma ragowar haɗarin ba zai gwada shi a kan ƙirjina ba. Na tuna masa jimlar da na buga. Ya ce wannan an rubuta ta ne don ɗalibai, ni kuwa 'yarsa ce. Daga nan ya tashi ya bar abincin. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye.

Mama tana tsakiya, ta rasa inda za ta sa kanta. In ta zo wurina sai ta ce in yi haƙuri, ban san irin tsayuwar da bawan Allahn nan ya yi a barandar asibiti ba lokacin ina jaririya ina shiɗewa. Ta kuma tuna mini da abokinsa, wanda suka yi shekaru suna ofis ɗaya, annobar nan ta ɗauke shi a farkon zuwanta, kuma har yau Baba bai bari an fitar da kujerarsa ba. Na san duk wannan. Ni ma na yi kukan rasuwarsa, shi ya koya mini tuƙa keke. Amma in ta je wurin Baba, ina jiyo ta tana ce masa yarinyar nan fa ta girma, ya daina yi mata kamar ƙwai a cokali.

Abin bai tsaya a gida ba. Magana ta fita. A dandalin ajinmu na waya wani ya rubuta cewa tunda Baba Ƙa'ida ya ɓoye tasa 'yar, kowa ya yi ta kansa. Aka yi ta dariya ana sa hotuna. Mahaifiyar Doguwa, mace mai sayar da atamfa wadda ba ruwanta da harkar jami'a, ta kira ni da kanta tana haɗa ni da Allah in gaya mata gaskiya, ko akwai abin da manya suka sani suke ɓoyewa, don ita 'yarta ɗaya ce. Na yi ta kame-kame. Ban taɓa gaya wa kowa a makaranta ina da asma ba, ko Doguwa ba ta sani ba, saboda na gaji da kallon tausayi tun ina firamare, inda in ana guje-guje ni ake ba riƙon jakunkuna. Yanzu in na yi shiru ana zagin babana da munafunci, in na yi magana na tona abin da na daɗe ina rufewa.

Yayana ya ce in haɗa kayana kawai, shi zai kai ni ɗakin kwanan ɗalibai da motarsa, in Baba ya ga aikin gama ya gama zai haƙura. Wani lokaci sai in ji kamar in yi hakan. Wani lokaci kuma in ga Baba ya dawo da shatin takunkumi a hancinsa, ya rame, yana wanke hannu a bakin famfo kafin ya shigo, sai in fasa. Ba na so abokan karatuna su fita su bar ni. Ba na kuma so in zama sanadin da zai sunkuyar da kai a gaban mutane. Anti, in tafi ko in zauna? Kuma me zan ce wa mahaifiyar Doguwa?

Taki,
Autar Gida

*

'Yata Autar Gida,

Da farko, ki ce wa yayanki an gode, ya ajiye makullin motarsa. Shi zai sauke ki ya juya, ke za ki kwana da abin da ya biyo baya. Wadda ta tsallake uba ta tafi, ko ta samo digiri, sai ta dawo ta nemi hanyar shiga falo.

Babanki ba munafuki ba ne. Abin da ya gaya miki a kan abinci shi ne gaskiyar kowane tsari irin wannan: ana rage haɗari ne, ba a share shi. Kuma tsarin da kansa ya san akwai waɗanda ragowar haɗarin ya fi yi wa nauyi, shi ya sa aka yi musu tanadi. Mutumin da ya binne abokinsa, ya kuma taɓa riƙe jaririyarsa tana neman numfashi, ba za a ce ya yi hauka don ya tsorata ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Amma ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Ya yanke hukunci a kan karatunki bai zauna da ke ba, ya kira malamarki a bayan idonki, ya bari kika ji daga bakin wata. Ya taka dokar da shi ya rubuta. Kina da haƙƙin jin zafi.

Ke ma ga naki. Kin riƙe rabin jimla kin saki rabi. An ce ɗalibi zai zaɓa bayan ya yi shawara da likitansa, kuma duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika je wurin likita ba. Sannan kin ratsa maganar fenti da gudu kamar ba komai. 'Yata, wadda aka sa wa iska kwanakin baya ba ta warke ba, sauƙi ta samu. Ni ba likita ba ce, babanki ma ba shi ba ne, ke kuma ba ki zama ba. Ku ukun nan babu wanda ya isa ya ce ƙirjinki zai iya ko ba zai iya ba.

Saboda haka ki fara da ba shi haƙuri a kan yadda kika tare shi yana cin abinci. Wannan kaɗai za ki ba da haƙuri a kai, ba son komawarki ba. Ki sa Mama ta nemo muku lokacin da ya huta. Ki roƙe shi ku tafi tare wurin likitan da ya san ciwonki, ki faɗi komai har da na fenti, kuma tun a gida ku yi alkawari a gaban Mama cewa abin da likita ya ce shi za a bi. Mutum mai son ƙa'ida da wuya ya ƙi wannan.

Ki kuma lura, tsakanin tarewa a ɗakin ɗalibai da zaman gida akwai fili babba. Tunda manyan darussa ta intanet ne, abin da kike bukata ɗakin gwaji ne kawai. Ki tambaya ko za ki iya kwana a gida, ki bi babanki da safe, a sa ki a rukunin da ya fi ƙanƙanta kusa da taga, in kin gama ki dawo ba tare da zaman hira ba. Idan likita ya amince, babanki ne zai kira malamar ya gyara abin da ya ɓata, ba ke ba. Idan kuma ya ce a'a, ki yi kukanki ki share hawaye. Jinkirin shekara yana da ciwo, amma ana cike shi. Ki yi hanzari dai, kafin a yi nisa da aikin.

Game da 'yan dandali, ba su da haƙƙin sanin abin da ke ƙirjinki. Kada ki tanka musu. Sunan babanki aka taɓa, kuma ya san yadda zai kare aikinsa. Mahaifiyar Doguwa kuwa daban ce. Uwa ce da ta haɗa ki da Allah, kuma karatun 'yarta yana rataye da amsarki. Ki kira ta yau. Ya isa ki ce mata dalilin naki na lafiyarki ne ke kaɗai, ba wani abu ake ɓoyewa ba, kuma ki ba ta shawarar ta karanta tsarin ko a karanta mata ta yanke wa kanta. Ita kuma Doguwa, ki gaya mata gaskiya duka. Wadda za ta tsaya kusa da ke a ɗakin gwaji ya kamata ta san inda abin shaƙarki yake. Wannan ba neman tausayi ba ne, hankali ne.

In kuma Malam yana karanta wannan shafi, to ga tawa guda: ka rene ta har ta iya gane inda ka kauce wa ƙa'idarka. Wannan ba rashin kunya ba ne, tarbiyyarka ce ta kama. Ka zauna da ita.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifinki, ya kai ku ranar da zai tsaya a cikin taro yana tafa miki har hannunsa ya yi ja.

Antinki