Za a Cire Ni Daga Zauren Malamai

Malama Zulfa, don Allah ki taimaka mini da shawara, kada a raba ni da abin da ya dawo mini da walwala.

Ni tsohon malamin firamare ne a Kademi. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya duk suna Kano, ko masallaci ba na zuwa sai da sanda. Kwanan baya Mudassir, ɗalibina na dā wanda yanzu hedimasta ne, ya sa ni a zauren malaman Gaya da Ajingi na WhatsApp. Ashe duniya ta yi nisa! Na ga wata malama a Gafasa ta raba yara tamanin rukuni-rukuni suna koya wa juna karatu, babu bulala. Ina da shekara saba'in da takwas, sai yanzu na san ana haka! Wata kuma ta ce ba ta da kayan koyar da lissafi, na gaya mata yadda muke ɗaure tsinkaye goma-goma. Washegari ta turo bidiyon yaranta suna yi. Na kalla ya fi sau ashirin.

To ga damuwar. A kwalejin horon malamai an koya mana duk wasiƙar da ta zo sai an amsa ta. Saboda haka duk saƙon da ya shigo ina amsawa, da gaisuwa da tambayar iyali, ta saƙon murya, tunda hannuna yana rawa. Wata rana har arba'in. Jiya Mudassir ya kira ni yana ta kame-kame, ya ce data tana ƙare wa mutane, darussa suna ɓacewa cikin gaisuwata, wasu sun ce a cire ni. Amma mutum ya yi magana in yi masa shiru, ai wulaƙanci ne. Yaya zan yi?

Tsohon Malami, Kademi

Baba, barka da ƙoƙari. Wasiƙarka ta sa ni murmushi.

Tarbiyyarka mai kyau ce, amma su ma malaman suna da gaskiya. Saƙon zaure ba wasiƙarka ba ce kai kaɗai. Kamar taron ɗakin malamai ne: mutum ɗaya yana magana, saura suna sauraro, kuma babu wanda aka raina.

Ka kira Mudassir yau, kada ka jira shi, don nauyinka yake ji. Ka ce masa ka gane. Gaisuwa ɗaya ta wadatar a yini. Inda ka san amsa, ka ba da ita cikin minti biyu. Sannan ka roƙi a ware maka ranar Asabar ka riƙa kawo dabara ɗaya ta dā. Wanda kake son jin lafiyar iyalinsa, ka kira shi shi kaɗai, ka ce ya leƙo ka in ya shigo Kademi.

In ka yi haka ba za su cire ka ba, Baba, don suna buƙatar abin da ka sani. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.