Sunana a Allon Ofis

Zuwa ga 'yata,

Yau Talata. Ƙafar da sauƙi, tarin ne dai ya ƙi sakina. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Kada ki damu da ni, ana kula da mu a gidan nan.

Kullum da hantsi mai kula da gidan yakan hawo ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Baba, ana nan?" Ni kuma in ce, "Ina za ni?" To, makon jiya suka sa mini kwamfuta a ɗaki, wai in riƙa aika musu saƙo. Ta ƙi ganin kwamfutar ofis, don a layin sadarwar gidan ɗakunan sama shiyyarsu daban, ofis shiyyarsa daban. Na ce a bar ta haka. Sai ga mai gyara da faifansa, ya yi ta danne-danne, ya ce, "Baba, na haɗa shiyyoyin. Da ka kunna, sunanka zai fito a allonsu na ƙasa."

Na ce, "In ban kunna ba fa?" Ya yi dariya kawai, ya naɗe wayoyinsa.

Ni dai ban yarda da abin ba. Na yi aikin akawu, na san in suna ya isa ofis, ba a ƙara neman fuskar mai shi.

Ki aiko mini da hoton yara, wanda nake da shi ya koɗe. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki.

Ƙari: na kunna kwamfutar tun safe, na haɗa shayi kofi biyu. Har la'asar mai kula da gidan bai hawo ba. Gobe ba zan kunna ba, mu gani.