Katin Kirsimetin Matar Pruitt

Litinin, 2 ga Maris, 2015
Banki sun hana ni bashin sayen gidan. Ma'aikaciyar ta juyo min da fuskar kwamfuta ta ce, "Malama Renita, akwai hukuncin kotu a kanki, shi ya zubar miki da maki a wurin masu ba da bashi." Wace kotu? Ni da ko ƙofar kotu ban taɓa leƙawa ba.

Ashe Mista Pruitt ne, wanda na yi haya a gidansa. Ya kai ni ƙara a Janairun bara, wai hayar wata uku da kuɗin kafet. Sammacin kuma ya sa aka manna a ƙofar ɗakin da na riga na tashi na bar masa. Ban je ba, kotu ta ba shi gaskiya.

Mai sayar da gidan ya ba ni sati shida. Ba bene ba ne, kuma duk garin Toledo shi kaɗai ƙarfina ya kai. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, wata bakwai ke nan bai sauko daga hawa na uku da muke zaune ba.

Talata, 3 ga Maris
Allah ya isa. Shekara shida ina tara bokiti a ƙarƙashin rufin Pruitt mai yoyo, ban taɓa tsallake ranar biya ba.

Alhamis, 5 ga Maris
Na je wurin lauyoyin da ke taimakon talaka kyauta. Lauya Haskins ta ce Pruitt ya rantse a rubuce cewa bai san inda na koma ba, in na kawo shaidar ƙarya ya yi za a iya soke hukuncin. Na ce ni ba sokewa kaɗai nake so ba, so nake in ga ya sayar da wandon jikinsa. Ta ce, "Mu fara da takarda tukuna."

Asabar, 7 ga Maris
Na zazzage kowane akwati, ba komai. Baba yana kallona daga kujerarsa ya ce, "'Yar nan, za ki rushe mana ɗaki. Duba gwangwanin biskit, can nake tara katunan Kirsimeti."

Can na same shi! Doris, matar Pruitt, ba ta taɓa fashin aika wa 'yan haya kati ba, har waɗanda suka tashi. Ita ke rubuta gaisuwa, shi ke rubuta adireshi a ambulan. Ga adireshinmu na yanzu da karkataccen rubutunsa, ga hatimin gidan waya na Disamba, wata guda kafin rantsuwar. Shashasha. Har rawa na yi a kicin.

Lahadi, 15 ga Maris
A coci ana addu'a, ni ina tsara zagin da zan yi masa.

Laraba, 25 ga Maris
Kotu. Pruitt ya rame, kwalar rigarsa a naɗe ta ciki. Alƙaliya ta miƙa masa ambulan ɗin ta ce rubutun wane ne, ya ce nasa ne. Sai ya zaro katin ya tsaya karantawa, har ta kira sunansa sau biyu. An soke hukuncin, ya janye ƙarar.

A baranda ya tare ni. Kafin in buɗe baki ya ce, "Renita, Doris ta rasu a watan Yuli. Cikin ɓacin rai na zubar da takardunta kaf. Ko za ki bar min katin nan?" Na ce, "Ka aiko min da sammaci, ai ka san gidan."

Na ji daɗin faɗar haka. Na ji daɗi mana.

Alhamis, 26 ga Maris
Haskins ta ce yanzu zan iya neman diyya. Takardar tana jakata, sa hannu ya rage.

Asabar, 18 ga Afrilu
Banki sun ba ni bashin, mun tare a sabon gidan. Baba ya shiga da sandarsa, ya fito, ya sake shiga, har sau uku, ba wanda ya riƙe shi. Na shige banɗaki na yi kukana.

Takardar diyya ban sa hannu ba, hidimar ƙaura ce ta hana ni. Da safe na sa katin a ambulan da sunan Pruitt, na jefa a akwatin gidan waya. Ba don shi ba ne, Doris takan kawo min miya in mura ta kama ni. Ban dai rubuta sabon adireshinmu a bayan ambulan ba, ni ba wawuya ba ce.