Layin da Ba a Dasa Ba

Kpando, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Akpene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ciwon gwiwar, yaya yara, yaya zaman Lome? Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke.

Yaya, na yi ƙarya, kuma a bakin aikin Allah na yi ta.

Kin san al'adar ikilisiyarmu: kowace shekara waɗanda aka yi wa baftisma sukan dasa layi ɗaya na kwakwar manja a gonar majami'a. Kin kuma san layin nan da yake fili, na shekarar da shugabanninmu suka yanka ranar ƙarshen duniya. Ba wanda ya dasa komai, don ba wanda ya zaci zai ga girbi. Ina da shekara goma muka hau tudu da fararen riguna, muka tsaya tun hantsi har rana ta faɗi, muka sauko da yunwa. Daga nan kika fara ja da baya har kika bar mu.

Akwai wata budurwa a ajin baftisma da nake koyarwa, Enyonam, ɗiyar manomi. Muna wucewa ta gonar ta tambaye ni dalilin filin. Na buɗe baki na ce wurin dutse ne, ba ya karɓar shuka. Amsar dattawa ce, amma harshena ne ya faɗe ta. Na bincika zuciyata, na tarar ba martabar Allah na kare ba, kunyarmu na rufe.

Na yi wa Ubangiji alkawari zan gaya mata gaskiya kafin ta shiga ruwa ranar Ista. Ki yi mini addu'a, ko da kin daina yi da mu.

Ƙanwarki,
Dzigbodi

Kpando, 9 ga Afrilu

Yaya Akpene,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi, wasiƙarki ta iso. Kin ce wanda ya yi kuskuren rana ya yi kuskuren komai. Ban yarda ba. Matar da ta share gida don baƙo, ta ɓata lissafin ranar zuwansa, ba ta zama mahaukaciya ba, kuma baƙon bai fasa zuwa ba. An rubuta cewa ba wanda ya san ranar. Mu muka ƙetare wannan iyaka, laifin namu ne, ba na alkawarin zuwan Ubangiji ba.

Da farko na je wurin Dattijo Agbenyega, na gaya masa niyyata. Ya ce ikilisiya ba ta taɓa yanka rana ba, zumuɗin mutane ne. Tsohuwa Mawusi tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Agbenyega, ji tsoron Allah! Ba kai ka yanka akuyoyinka bakwai ka raba ba? Ni na ci cinya!" Ya ce ta yi shiru, ta ce, "Shekara talatin da biyar ina shiru, haƙorana ma sun gaji sun zube." Shi yana musu, ita tana dariya, ni ban iya ko ɗaya ba. Ya gargaɗe ni cewa idan na yi magana zan bar ajin.

Ranar Ista, a bakin rafi, jama'a suna waƙa, na ja Enyonam gefe na gaya mata komai, har da ƙaryata. Ta ce, "Mama, ai na sani. Na tona wurin da fartanya, baƙar ƙasa ce, ko tsakuwa babu. Jira nake in ga ko akwai mai faɗar gaskiya." Sannan ta ce kuskuren kakanni bai dame ta ba, amma tana so ta ga ko mutum nawa ne a cikinmu za su iya ambatonsa. Ba ta shiga ruwa ba. Ta zo sujada Lahadin da ta biyo, ta zauna a baya. Ban san abin da za ta yanke ba.

An karɓe ajin daga hannuna. Shekara goma sha biyu ina koyarwa, kuma rabuwar ta yi mini ciwo fiye da yadda ya kamaci mai tawali'u. Duk da haka ina jiran zuwan Ubangijina kamar dā, ba tare da na riƙe masa kalanda ba.

Ki gai da yara. Kin tambaya ko zan iya, to ga amsa: na cika alkawarina.

Ƙanwarki,
Dzigbodi