Goran da Na Zaɓa wa Jikarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba masunci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga ubanta, ina roƙon Allah ya sa inda kake ya fi inda ka bari. Ni ce Hauwa, wadda ta tafi Amurka kana da sauran ƙarfinka, ba ta samu dawowa ba sai da aka riga aka kai ka.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura arba'in na zauna ajin manya a nan Bronx, ni da wasu mata 'yan Nijar da 'yan Gana, muna bin baƙaƙe da yatsa. Turanci aka koya mana, daga baya na gano baƙaƙen nan suna ɗaukar Hausa ma. Na san ba ka karatun boko. Amma maganar ruwa na kawo, kuma ban san wanda zan kai wa ba sai kai.

Jikarka Ummi, mai sunan Inna, ta zama masunciya.

Ba ita ta faɗa mini ba. Ina share ɗakinta na jawo wani wandon roba daga ƙarƙashin gado, dogo har ƙirji, yana warin taɓo. Shekara talatin rabona da wannan warin, amma hancina bai manta ba. Da ta dawo daga asibitin da take aiki na ajiye shi a gabanta. Ashe shekara biyu ke nan tana bin abokan aikinta zuwa wani tafki a arewa da birni, suna fatsa. Ashe tun tana jami'a ta koyi iyo. Yaran nan kana yi musu Hausa suna mayar maka da Turanci, amma wannan da Hausarta mai ɗingishi ta faɗa: "Mama, da na gaya miki, da kin daina cin abinci."

Ban yi gardama ba, don gaskiya ta faɗa.

Kai ka san daga inda abin ya samo ni. Ina da shekara goma sha huɗu yaya Sani ya ari goran su na abokinsa ya kwanta a kai ya shiga gulbi lokacin da ruwa ya kawo. Goran yana da tsaga a gindi da aka liƙe da danƙo, bai duba ba. Sai bayan kwana biyu aka samu gawarsa. Kai ka koma ruwa bayan sadakar bakwai, don da shi muke ci. Ni kuwa daga ranar ko wanki ban ƙara kaiwa bakin gulbi ba.

Da wannan tsoron na yi renon Ummi. Duk takardar da aka aiko daga makaranta cewa za a kai su koyon iyo, sai in kai wa maƙwabciya in ce ta nuna mini wurin da ake cewa a'a. Lokacin ban iya karanta komai ba, amma wannan wurin na haddace shi.

To yanzu ta ce fatsa daga gaɓa ta ishe ta, manyan kifin suna tsakiya. Tana son sayen wani abu da ake hura wa iska kamar tiyub ɗin taya, mutum ya zauna a kai ya shiga tafki shi kaɗai. Ta ce idan na ce a'a za ta bari. Na dubi wandon robar nan, na gane abin da a'a ɗina ya yi a shekara ashirin da shida da haihuwarta. Bai hana ta shiga ruwa ba. Ni ya hana sanin inda ɗiyata take.

Kwana uku ina juya maganar. Ina bakin aikina, ina ba tsohuwar da nake kula da ita abinci, sai na tuna yadda kake zaɓen gora.

Ka tuna? Kakan je wurin masu duma bayan kaka, ka tsuguna a gaban tulin goruna, ka ɗauki ɗaya ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ka kara a kunne. Mai sayarwa ya miƙo maka mai santsi, ka ture. Kakan ce, "Ina ruwana da kyawunsa, ni zan kwanta a kansa." Mai kaurin jiki kake nema, mai faɗin da zai ɗauki cikinka, wanda bakinsa zai bar hannu ya jefa kifi.

Idan ka kawo shi gida kuma, ba kai kake gwadawa ba. Inna kake ba. Ta cika shi da ruwa, ta ɗora a kan busasshen rairayi tun hantsi, ba ta ɗagawa sai azahar, ta shafa ƙasan da tafin hannu ko akwai laima. Na taɓa tambayarka me ya sa, alhali Inna ko iyo ba ta iya ba. Ka ce, "Mai shiga ɗoki yake yi, idonsa na kan kifi. A ba mai tsoro ya duba." Ranar da Sani ya tafi, goran bai biyo ta hannun Inna ba.

Na ce wa Ummi za ta saya, amma ni zan zaɓa.

Muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu muka gangara Manhattan, wani kanti da babu komai a ciki sai kayan kamun kifi. Mai kantin wani dattijon bature ne. Ya sauko mana da iri biyu, a hure. Baba, ban san lokacin da na tsuguna na ƙwanƙwasa ɗaya na kara kunne ba. Ummi ta ja mini gyale tana cewa, "Mama, roba ce fa, mutane na kallo." Na ce su kalla, ba su suka haife ki ba.

Na farko zagayayye ne kamar tayar tirela, mutum ya zura ƙafafu ta tsakiya ya nutse har ƙugu. Na sa ta shiga ta fito a gabana. Sai da ta yi tangaɗi, a kan busasshiyar ƙasa ma. Na ce abin da fitarsa ke da wuya a kanti, a ruwa fa? Na ture shi yadda kake ture mai santsi.

Na biyun kamar kujera mai hannuwa yake, gabansa a buɗe, mazauninsa a sama da ruwa, mutum ya sulale ya fita idan ta ɓaci. Na juya shi na ga bakin hura iska biyu. Na nemi takardar da ke liƙe a jikinsa na fara bi da yatsa. Ummi ta buɗe baki za ta karanta mini, na ɗaga mata hannu. Na daɗe, Baba. Dattijon ya tsaya yana jira. Takardar ta ce jakar iska biyu ce a ciki, kowace da bakinta, idan ɗaya ta huje ɗaya tana nan. Ta faɗi nauyin da yake ɗauka, na ga ya fi na Ummi da kayanta nesa ba kusa ba. Ta ce na tafki ne, kada a kai shi ruwa mai gudu. Ta ce kuma shi kaɗai ba ya ceton rai, sai an sa rigar da ke hana nutsewa. Abin da ya faɗi aibinsa da bakinsa, na fi yarda da shi.

Wannan ce takarda ta farko ta maganar ruwa da na karanta da kaina har ƙarshe, ban nemi wurin a'a ba.

A kan launi muka ɗan yi. Ita tana son kore, wai kada kifi ya gan ta. Na ce mai ruwan lemo a baya za a ɗauka, kifi ya gan ki, masu jirgin inji su gan ki, ni ma in gan ki. Na ƙara da rigar hana nutsewa da usur. Ita ta ɗauko wasu takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da su ake tuƙi.

Ran Asabar da hantsi na sa ta hura shi a falo. Babu rairayi a hawa na biyar a unguwarmu ta Morris Heights, sai na cika kwamin wanka, na riƙa danna shi a ruwa gefe-gefe ina neman kumfa. Babanta ya zo zai yi alwala ya tarar da mu, ya ce shi dai a bar masa buta, 'yan gidan masunta su ƙarata. A bakin hura iska na hagu na ga wasu 'yan ƙwayoyi suna tasowa, ƙanana kamar gero, ɗaya bayan ɗaya. Ba huji ba ne. Murfin ne ba ta murɗa ya zauna daidai ba, saboda sauri. Na nuna mata. Ta murɗa, kumfar ta tsaya. Na ɗora buhun shinkafa a mazaunin na bar shi har la'asar, bai saki ba.

Tun daga ranar, ba ta saka shi a mota sai ta kawo mini na taɓa bakunan nan biyu.

Makon jiya na bi ta tafkin. Da ka ga irin fatsarsu da ka riƙe baki. Babu tana, babu ƙulli. Gashin tsuntsu suke ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, su riƙa kaɗa zaren a iska gaba da baya kafin su ajiye shi a kan ruwa a hankali. Ta kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki, tsawon damtsena, ta ɗaga mini shi. Ina murna na samu na miya, sai ta mayar da shi ruwa. Wai haka ake yi. Wannan kam sai ka yi mata magana da kanka, ni na gaji.

Ba zan ce maka ban ji tsoro ba. Carbina bai huta ba. Amma ga abin da na zauna rubuta maka dominsa.

Lokacin da nake ƙarama, kafin Sani, nakan raka ka bakin gulbi. Ka kife cikinka a kan gora, homar kamun kifi a hannu biyu, ka buga ƙafa ka tafi. Ƙeyarka da tafin ƙafarka kawai nake gani har ka ƙanƙance. Haka Sani ma ya tafi, ba wanda ya ga fuskarsa. Ina tsaye ina jiran in ga ƙeyar Ummi, sai na ga wannan goran nata da baya yake tafiya. Mai shi yana zaune ne yana fuskantar gaɓa. Tana nisa tana kallona. Har ta kai tsakiyar tafki fuskarta tana wajena, kuma ni ban sauke idona ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya jiƙan Inna da yaya Sani, ya yalwata muku makwanci. Allah ya tsare mini yarinyar nan a ruwa da tudu, ya sa duk inda za ta shiga ta fara biyowa ta hannuna. Amin.

Ɗiyarka mai tsoro, wadda yanzu ita ke duba gora,
Hauwa